Da'irar da ke Shafar Layuka: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

A cikin tambayoyin da ɗaliban manyan azuzuwan sakandare ke cin karo da su, musamman masu shirin zana takardar lissafi mai zurfi ta WAEC ko NECO, da kuma 'yan shekarar farko a jami'a, akwai wata da kan zo da kama iri-iri amma asalinta ɗaya. Za a ba ka layi biyu ko uku a kan takardar giraf, a ce ka nemo ikweshan ɗin da'irar da ta shafe su. Ɗalibi kan yi aikinsa tsaf, ya fito da da'ira guda, ya ja layi ƙarƙashin amsa ya wuce. Sau da yawa da'irar da ya samo daidai ce, sai dai ba ita kaɗai ba ce. Akwai wata, wani lokaci ma wasu uku, da suka cika duk sharuɗɗan tambayar, amma an zubar da su a hanya ba tare da an ankara ba. Wurin da ake zubar da su sananne ne, kuma wanda ya gane shi sau ɗaya da wuya ya sake yin wannan asara.

## Me ake nufi da shafa?

Idan ka zana da'ira, ka ɗora rula ka ja miƙaƙƙen layi, ɗayan abu uku ne zai faru. Ko dai layin ya bi ta gefe bai kusanci da'irar ba, ko ya ratsa ta cikinta ya yanke bakinta a wuri biyu, ko kuma ya taɓa bakin a ɗigo ɗaya tak ya wuce abinsa bai shiga ciki ba. Wannan na ukun ake nufi idan an ce layi ya shafi da'ira.

Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Uƙlidis na Iskandariyya, wanda Turawa ke kira Yuklid, ya tabbatar a kashi na uku na littafinsa na ilimin siffofi cewa in ka ja layi daga cibiyar da'ira zuwa ɗigon da aka yi shafar, zai sauka a kan layin a kusurwar digiri 90. Sannan kuma hanya mafi kusa daga kowane ɗigo zuwa miƙaƙƙen layi ita ce wadda ta sauka a kansa a digiri 90 ɗin. Haɗa waɗannan biyun, sai ka samu ginshiƙin darasin gaba ɗaya: tazarar da ke tsakanin cibiya da layin daidai take da radiyos, wato nisan cibiya zuwa bakin da'ira. In tazarar ta fi radiyos, layin ya bi ta waje. In ta gaza, ya ratsa. In sun zo daidai, ya shafa.

Duk tambayar da za a yi maka a wannan babi, komai yadda aka lulluɓe ta, wannan jumlar ake so ka mayar lambobi, sau ɗaya ga kowane layi.

## Lambobi uku kake nema

Da'ira mai cibiya a (h, k) da radiyos r ana rubuta ta haka:

(x − h)² + (y − k)² = r²

Ƙa'idar Faitagoras ce kawai aka sake wa riga: kowane ɗigo (x, y) da ke bakin da'irar nisansa daga cibiya r ne. Littattafai da yawa kan buɗe baka su rubuta x² + y² + 2gx + 2fy + c = 0, inda cibiya take a (−g, −f), radiyos kuma √(g² + f² − c). Duk abu ɗaya ne. Amma ga tambayar shafa, siga ta farko ta fi sauƙin riƙewa, domin cibiya da radiyos suna fili. In mai tambaya yana son ta biyun, sai ka buɗe baka a ƙarshe.

Abin da ba ka sani ba guda uku ne: h da k da r. Saboda haka sharaɗi uku ake buƙata kafin da'ira ta tsaya wuri ɗaya. Shafar layi sharaɗi ɗaya ne. Bi ta kan wani ɗigo ɗaya ne. A ce cibiya tana kan wani layi, ɗaya ne. A faɗa maka radiyos, ɗaya ne. A ba ka cibiya ɗungurungum, biyu ke nan. A ce ta shafi layi a wani ɗigo takamaimai, shi ma biyu ne, domin an gaya maka ta shafi layin, an kuma gaya maka ta bi ta ɗigon.

Ina ganin ya kamata malamai su saba wa ɗalibai da wannan ƙidaya kafin a taɓa kowace lamba. Wanda ya ƙirga ya ga sharaɗi biyu kacal aka ba shi ya san da'irori marasa iyaka ne za su amsa, don haka ko dai ya tsallake wani abu a karatun tambayar, ko kuma hanyar da cibiyoyin ke bi ake nema. Cikar sharuɗɗa uku kuma ba ta nufin amsa ɗaya ce. Abin da take nufi, galibi, shi ne amsoshin ƙidayayyu ne.

## Awon tazara, da sandunan nan biyu

In an rubuta layi a sigar Ax + By + C = 0, tazararsa daga ɗigo (h, k) ita ce:

|Ah + Bk + C| ÷ √(A² + B²)

Ga misali mafi sauƙi. Cibiya tana (1, 2), layin kuma 3x + 4y − 26 = 0. Zuba cibiyar a ciki: 3 + 8 − 26, wato −15. Sandunan biyu da ke kewaye da Ah + Bk + C sun ce ka yar da alamar ɗebewa, ya zama 15. Ƙasa kuma √(9 + 16) = 5. Radiyos 3 ke nan, da'irar kuma (x − 1)² + (y − 2)² = 9.

Yana da kyau ka san abin da lambar da ke cikin sandunan ke faɗi. A kan layin kansa, Ax + By + C sifiri ne. In ka matsa gefe ɗaya sai lambar ta fara hawa sama da sifiri, in ka matsa ɗaya gefen sai ta gangara ƙasa da sifiri, kuma girmanta na ƙaruwa daidai gwargwadon nisan da ka yi. Raba ta da √(A² + B²) shi ke mayar da ita awo na gaskiya. Ke nan alamar, ta tarawa ce ko ta ɗebewa, tana gaya maka gefen layin da kake tsaye. Sandunan suna shafe wannan bayani saboda tazara ba ta zama ƙasa da sifiri.

Lokacin da cibiya sananniya ce, babu wata matsala. Amma lokacin da ita ake nema, ba ka san gefen da take ba. In ka rubuta |abu| = r, hanya biyu ce a gabanka: ko abin ya zama r, ko ya zama −r. Ɗalibin da ya goge sandunan ya ci gaba da aiki kamar babu su ya zaɓi gefe ɗaya ke nan bai sani ba, ya bar duk da'irar da ke ɗaya gefen. A nan ake asarar.

Akwai wata hanya da wasu ke koyarwa: ka ciro y daga ikweshan ɗin layi, ka zuba a na da'ira, ka samu kwadiratik, sannan ka ce b² − 4ac = 0 tunda wuri ɗaya suka haɗu. Hanyar daidai ce, kuma tana da amfani in ana son gwada ko wani layi ya shafi da'irar da aka riga aka sani. Amma in layi biyu ne ko uku, cibiya kuma ba a san ta ba, sai ta cika maka shafi da haruffa, ga kuskuren alama yana jira a kowane mataki. Hanyar tazara ta fi ta nesa ba kusa ba.

## Layi biyu da ba sa haɗuwa

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ɗauki 3x − 4y + 10 = 0 da 3x − 4y − 20 = 0. Gangararsu ɗaya, don haka kafaɗa da kafaɗa suke tafiya har abada. Da'irar da za ta shafe su dole ta zauna a tsakaninsu ta cike faɗin. Tazararsu ita ce bambancin 10 da −20, wato 30, a raba da 5, ya ba da 6. Radiyos 3 ne ko ana so ko ba a so, cibiya kuma tana kan layin tsakiya, 3x − 4y − 5 = 0. In aka ƙara cewa cibiyar tana kan x + y = 4, warware biyun tare zai ba ka (3, 1), da'irar kuma (x − 3)² + (y − 1)² = 9.

Abu ɗaya za ka kiyaye: mai tambaya na iya rubuta layi na biyu a matsayin 6x − 8y − 40 = 0. Raba shi da 2 tukuna, gaban ikweshan ɗin biyu ya zama iri ɗaya, kafin ka ɗebe lambobin ƙarshe.

## Layi biyu da suka gicciye juna

Tura faifai lungun ɗaki har ya taɓa bango biyu. Ɗauko wanda ya fi shi girma ka yi haka, za ka ga shi ma ya taɓa bangon biyu, sai dai ya fi nisa da lungun. Da za ka sa alama a tsakiyar kowane faifai, alamomin za su jeru a kan layi ɗaya da ya taso daga lungun ya raba kusurwar gida biyu daidai. Dalilin a fili yake: cibiyar kowane faifai nisanta daga bangon nan daidai yake da nisanta daga wancan.

Bambancin takarda da ɗaki shi ne, layukan lissafi ba sa tsayawa a lungu. Suna wuce mahaɗarsu su ci gaba, su yanka fili gida huɗu, kuma kowane gida na iya ɗaukar da'ira. Layukan da ke raba kusurwa saboda haka biyu ne, kowanne yana ratsa gida biyu masu kallon juna.

Bari mu gani da lambobi. Layukan su ne 3x + 4y − 7 = 0 da 4x + 3y − 7 = 0, sun haɗu a (1, 1). Cibiya (h, k) tazararta daga kowanne ɗaya ce:

|3h + 4k − 7| ÷ 5 = |4h + 3k − 7| ÷ 5

Hanya ta farko, abin da ke cikin sandunan ya zo da alama ɗaya: 3h + 4k − 7 = 4h + 3k − 7, wanda ya ba da k = h. Hanya ta biyu, alamominsu sun saɓa: 3h + 4k − 7 = −(4h + 3k − 7), wanda ya ba da 7h + 7k = 14, wato h + k = 2. Ga layukan raba kusurwar biyu.

Yanzu a ce sharaɗi na uku shi ne cibiya tana kan layin x = 6. A layin farko cibiyar (6, 6) ce, tazara kuma (18 + 24 − 7) ÷ 5 = 7. A na biyu (6, −4) ce, tazara kuma |18 − 16 − 7| ÷ 5 = 1. Amsa biyu ce:

(x − 6)² + (y − 6)² = 49
(x − 6)² + (y + 4)² = 1

Babba da ƙarama, kuma babu wadda ta fi wata cancanta.

In kuwa radiyos aka ba ka a matsayin sharaɗi na uku, da'ira huɗu ce, ɗaya a kowane gida. Da r = 7, layin k = h zai ba ka |7h − 7| = 35, wato cibiyoyi (6, 6) da (−4, −4). Layin h + k = 2 zai ba ka |1 − h| = 35, wato (36, −34) da (−34, 36). Kada nisan waɗannan biyun na ƙarshe ya tsorata ka har ka zaci kuskure ne. Kusurwar da ke tsakanin layukan ta wannan ɓangare matsattsiya ce, digiri 16 da 'yan kai, don haka sai da'irar ta ja da baya sosai kafin ta samu wurin da zai ɗauke ta. Ƙaramin zane a gefen takarda, ko da hannu aka yi shi ba rula, zai nuna maka haka nan take. Ban ga wani dalili da zai sa ɗalibi ya fara irin wannan tambaya bai yi zanen ba.

A misalin nan lambar ƙasa 5 ce a duka ɓangarorin, shi ya sa ta ɓace. Ba kullum ake samun haka ba. In layukan 3x − 4y = 0 ne da 5x − 12y = 0, ɗaya 5 ne ɗaya 13, dole ka riƙe su: 13(3h − 4k) = ±5(5h − 12k). Za ka samu 7h + 4k = 0 da 4h − 7k = 0. Ga kuma hanyar gwada kanka kyauta: layukan raba kusurwa biyu kullum a digiri 90 suke haɗuwa, saboda haka in ka ninka gangararsu −1 za ka samu. A nan −7/4 sau 4/7 ya ba da −1. In bai ba da haka ba, koma baya ka duba.

## Idan an sa ɗigo a ciki

Tambayar da aka fi so ita ce: da'ira ta shafi layin x (wato y = 0) da layin y (wato x = 0), ta kuma bi ta wani ɗigo, a ce (8, 1). A nan ɗigon ya rage maka aiki. Da'irar da ta shafi layi ba ta tsallaka shi, don haka dukkanta tana gidan da ɗigon yake. Tunda (8, 1) yana gidan da x da y duk suke sama da sifiri, cibiya (r, r) ce. Sai ka rubuta (8 − r)² + (1 − r)² = r², ka buɗe ka samu r² − 18r + 65 = 0, wato r = 5 ko r = 13. Har yanzu amsa biyu ce, amma wannan karon daga kwadiratik ɗin suka fito, kuma duka biyun gida ɗaya suke. Ƙaramar ta bi ta ɗigon, babbar ma ta bi: 3² + 4² = 25, kuma 5² + 12² = 169.

In kuma an faɗi ainihin inda aka yi shafar, ka tuna da maganar Uƙlidis. A ce da'ira ta shafi layin x a (4, 0), ta kuma shafi 4x − 3y = 0. Cibiya tana kan layin da ya tsaya a digiri 90 a wannan ɗigo, wato (4, k), radiyos kuma |k|. Sai |16 − 3k| = 5|k|, wanda ya ba da k = 2 ko k = −8: ɗaya a saman layin x mai radiyos 2, ɗaya a ƙasansa mai radiyos 8.

## Layi uku, da'ira huɗu

Nan ne abin ya fi ƙayatarwa. Layi uku da kowanne ya gicciye sauran a wurare dabam-dabam sukan killace alwatika a tsakiya. Kowa ya san da'irar da ke zaune cikin alwatika tana shafar gefenta uku. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne akwai wasu uku a waje, kowacce ta jingina da bayan gefe ɗaya, tana kuma shafar ci gaban sauran biyun.

Ɗauki layin x, da layin y, da 3x + 4y − 12 = 0. Alwatikar da suka yi tsawon gefenta 3 da 4 da 5 ne. Da'irar da ta shafi layin x da layin y cibiyarta ko dai (t, t) ce ko (t, −t), radiyos kuma |t|. Da (t, t): |7t − 12| = 5|t|, wanda ya ba da t = 1 ko t = 6. Da (t, −t): |t + 12| = 5|t|, wanda ya ba da t = 3 ko t = −2. Ga su nan su huɗu: cibiya (1, 1) radiyos 1, ita ce ta ciki; (−2, 2) radiyos 2; (3, −3) radiyos 3; da (6, 6) radiyos 6.

Mai lura zai tambaya: kowane layi gefe biyu gare shi, layi uku kuma ya kamata su ba da zaɓi takwas, me ya sa huɗu? Amsar ita ce juya alamomin ukun gaba ɗaya ba ya haifar da sabuwar cibiya, ikweshan ɗin da ka warware ne za ka sake warwarewa. Takwas ɗin biyu-biyu suke, sai su koma huɗu. A zane ma haka ne: layi uku suna yanka fili gida bakwai, kuma huɗu ne kawai daga ciki suke da iyaka da duka layukan uku. Sauran ukun, waɗanda ke bayan kusurwoyin alwatikar, layi biyu ne kacal ke kewaye da su.

In ta cikin kaɗai ake so, alamomi za su kai ka kai tsaye. Zaɓi kowane ɗigo da ka tabbata yana cikin alwatikar, ka zuba shi a kowane layi ka ga alamar da ya bayar. A misalinmu (1, 1) ya ba da −5 a layi na uku, don haka ciki gefen ɗebewa ne, tazarar kuma (12 − 3h − 4k) ÷ 5 ce ba tare da sanduna ba. Da h = k = r, sai 12 − 7r = 5r, wato r = 1. Cire sanduna bayan ka san gefen da kake halas ne. Cire su a makance ne ke jawo asara.

Waɗannan radiyos huɗu suna da alaƙa mai ban sha'awa da za ka iya gwada aikinka da ita. In ka kifar da na wajen uku ka tara, za ka samu kifaffen na ciki: 1/2 + 1/3 + 1/6 = 1/1. In kuma ka ninka huɗun, za ka samu murabba'in faɗin filin alwatikar: 1 × 2 × 3 × 6 = 36, filin kuwa 6 ne. Wannan gaskiya ne ga kowace alwatika, ba wannan kaɗai ba.

Akwai lokutan da huɗun ba sa cika. In biyu daga cikin layukan ba sa haɗuwa, na uku ya ratsa su, da'ira biyu ce, ɗaya a kowane gefen mai ratsawar. In duka ukun ba sa haɗuwa, babu ko ɗaya. In kuma duka ukun ta ɗigo ɗaya suka bi, nan ma babu, kuma lissafin zai nuna maka haka ta hanyar ba ka r = 0.

## Daga ina tambayar ta taso?

Ta girmi x da y da ƙarnuka masu yawa. Uƙlidis ya nuna yadda ake zana da'irar cikin alwatika a kashi na huɗu na littafinsa, da rula da kamfas kawai, ta hanyar raba kusurwa biyu a ga inda layukan suka haɗu. Bayansa, a ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Afoloniyus mutumin Farga, wani gari da ke kudancin Turkiyya ta yau, ya faɗaɗa tambayar: a ba ka abu uku, kowanne ɗigo ne ko layi ko da'ira, ka zana da'irar da ta bi ta ɗigogin ta shafi sauran. Haɗi iri goma ne ke fitowa daga nan. Layi uku ɗaya ne daga ciki, layi biyu da ɗigo ma haka. Mafi wuya shi ne da'ira uku, wanda amsarsa kan kai takwas. Littafin da ya rubuta a kan haka ya ɓata, abin da aka sani game da shi daga bayanin Fafus na Iskandariyya ne, wanda ya rayu a ƙarni na huɗu miladiyya. A 1600 Bafaranshe François Viète ya sake gina hanyoyin warware duka goman.

Tsakanin waɗannan zamuna ilimin ya yi dogon zama a ƙasashen Musulmi. Al-Hajjaj ibn Yusuf ibn Matar ya fassara Uƙlidis zuwa Larabci a zamanin Halifa Haruna Rashid, kuma a Bagadaza ta ƙarni na 10 Abul Wafa al-Buzjani ya rubuta littafi musamman don masu sana'ar hannu, a kan abin da suke buƙata na zanen siffofi, har da sa da'ira cikin wata siffa da kewaye siffa da da'ira. Mayar da zane lambobi kuwa, wato abin da muka yi ta yi a sama, ya kankama ne da littafin René Descartes na 1637, da aikin Pierre de Fermat na wannan zamanin.

## A bakin aiki

Duk kwanar da ka sha a kan babbar hanya, amsar wannan tambaya ce aka zuba wa kwalta. Injiniya yana da miƙaƙƙun sassa biyu na hanya da za su haɗu a kusurwa, mota kuma ba za ta iya karya kwana a ɗigo ɗaya tana cikin gudu ba. Sai a sa yankin da'ira da ya shafi sassan biyu. Dole shafa ce, domin a ɗigon shafa ne kawai alƙiblar da'ira da ta layi suke zama ɗaya, direba ya shiga kwanar ba tare da fizgar sitiyari ba.

Masu safiyo ba sa tsayawa neman h da k a fili. Abin da suke so shi ne inda za su kafa fegin farkon kwana da na ƙarshenta. In hanya ta karkata da digiri D, radiyos kuma R ne, nisan mahaɗar layukan zuwa kowane fegi shi ne R × tan(D/2). Rabin kusurwar da ka gani a nan daga layin raba kusurwa ya fito, inda cibiya ke zaune. Da R mita 200 da karkata ta digiri 60, nisan ya kama mita 115.5, tsawon kwanar kanta kuma kimanin mita 209.4. In dutse ko gine-gine suka hana a samu fiye da mita 60 ta kowane ɓangare, radiyos zai sauko wajen mita 104. Ƙarfin da ke jan mota waje a kwana yana ƙaruwa in radiyos ya ragu, yana kuma bin murabba'in gudu: rage radiyos da rabi ya ninka shi biyu, ninka gudu biyu ya ninka shi huɗu. Shi ya sa ake kafa allon rage gudu kafin matsattsiyar kwana. A manyan hanyoyi da layin dogo akan ƙara wani ɗan lanƙwasa tsakanin miƙaƙƙen sashe da da'irar, wanda ke tsananta a hankali, don kada juyin ya zo farat ɗaya.

Mai walda da ke zagaye kusurwar ƙarfen ƙofa da kafinta mai goge kaifin kusurwar tebur duk wannan da'irar suke nema. A manhajar zane ta AutoCAD ma akwai umarnin da za ka nuna layi biyu ka faɗi radiyos ta zana maka da'irar, kuma wurin da ka danna a kan kowane layi ne ke gaya mata wacce kake so cikin huɗun.

## Gwada hannunka

Ɗauki layin x, da layin y, da 5x + 12y − 60 = 0. Yi ƙaramin zane, ka nemo duk da'irorin da suka shafi ukun. Lambar ƙasa 13 ce a wannan karon. In ka bi hanyoyin sandunan duka, radiyos ɗin da za ka samu su ne 2 da 3 da 10 da 15, cibiyoyin kuma (2, 2) da (−3, 3) da (10, −10) da (15, 15). Filin alwatikar 30 ne, sai ka ninka huɗun ka gani ko sun ba ka 900.